Kare a Legas ba ya buƙatar suwaita

Mai saƙa da ta ga hotunan karnukan Ingila ko Kanada cikin suwaitar ulu, sai hannunta ya fara ƙaiƙayi. To, a ajiye wannan. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma ba ya gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake huce jikinsa, wato danshin harshe da maƙogwaro ne ke tashi ya tafi da zafin. A Legas kuwa iskar kanta a jiƙe take, shi ya sa hakin ba ya cin aiki kamar a Kano ko Sakkwato. Hunturun ma da ke leƙowa a Disamba da Janairu bai kai ya kawo ba. Idan aka ɗora wa kare mai yawan gashi irin Alsatian ko Caucasian rigar ulu a Agege, ba gata aka yi masa ba. Abin da ya fi buƙata daga hannun mai saƙa shi ne shimfiɗar da za ta raba shi da danshin siminti, wadda za a iya wankewa duk mako.

Zaren ulun kasuwa, wanda yawancinsa roba ne, bai dace da wannan aiki ba: yana riƙe zafi, yana tattara gashi, farce kuma na jan sa. Tsofaffin rigunan auduga masu miƙewa sun fi, irin na gwanjo da ake samu da arha a kasuwar Katangowa. A yanke rigar daga ƙarƙashin hammata, a cire kalmasar ƙasa, a yanka jikin a zagaye ba tare da an tsinke ba, faɗin santimita 2 da rabi zuwa 3. Idan aka ja shi sai gefen ya naɗe, ya koma kamar igiya. Rigar babban mutum ɗaya tana ba da kusan mita 20. Shimfiɗa mai santimita 60 da 90, wadda ta ishi matsakaicin kare, tana cin riguna 12 zuwa 15, da kwarashi mai kaurin milimita 10. A guji riga mai zanen roba a ƙirji, ba ta naɗewa, kuma tana cije kwarashi.

Kafin a fara, a auna karen yana kwance daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara santimita 20. Sai a saƙa ɗan gwaji mai faɗin tafin hannu a ƙirga ido, wato ɗaurin saƙa ɗai-ɗai, nawa ke cikin santimita 10, domin hannun kowa da irin matsinsa. Gajeren saƙi ake yi, matsattse, ba mai ramuka ba, don farce na maƙalewa a rami har ya karye. Inda aka fi kuskure shi ne ƙarshen layi. Idan aka manta sarƙa ɗaya ta juyawa, ko aka tsallake idon ƙarshe, shimfiɗar za ta riƙa tsukewa har ta zama kamar dala. Mai son zagayayyiya ta fara da ido 6, ta ƙara 6 a kowane zagaye. Ta ga tana kifewa kamar ƙwarya, ƙarin ya yi kaɗan. Ta ga baki na lanƙwasa, ya yi yawa. Babu gyara sai warwara.

Kada a yi mata tuntu ko geza, kuma duk bakin zare a cusa shi ciki aƙalla santimita 10. Kwikwiyo na haɗiye zare, zaren kuma idan ya maƙale daga sama sai hanji ya tattare a jikinsa kamar wando a kan mazagi, har ya yanke. Wanda ya ga zare na leƙowa ta bayan karensa kada ya ja, likitan dabbobi ya nufa.

Wankin ma da nasa sharaɗi. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai warin fitsari, ko a tsumman da aka shanya a inuwa. Tsutsar na huda fata ta zauna, sai a ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya a fatar cikin kare ko tsakanin yatsunsa. Saboda haka a wanke da ruwan zafi, a shanya a igiya cikin rana tsaka, ba a ƙasa ba, a bi da guga mai zafi. Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da kaya kan kwana biyu ba su bushe ba, shimfiɗa biyu ake so ana musanyawa. Kaska kuma ba a jikin kare kaɗai take ba, irin mai ruwan ƙasa-ƙasa da ta fi yawa a nan a tsagar bango da ƙarƙashin keji take ƙwai. A kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, ba murɗawa. Kalanzir, baƙin mai da maganin ƙwarin gona da wasu ke shafawa guba ne, kare na lashe su. Idan dasashi ya yi fari, kare ya ƙi abinci, fitsari ya yi duhu kamar shayi ba madara, ana zargin zazzaɓin kaska, kuma gwajin jini ne zai tabbatar. Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen na mutane.

Igiyar yawo kuwa, saƙa ba ta yin ta ga babban kare. Tana miƙewa, kuma ƙaton kare irin Boerboel da ya haura kilo 60 idan ya zabura ba zare ne zai tare shi ba. A sayi ta gaske mai tsawon mita 1 da rabi, sai a saƙa wa mariƙin riga don kada ya ci hannu. Abin wuya ya zama yatsu biyu na shiga ƙarƙashinsa.

Fita yawo da sanyin safiya ne bayan asuba, ko bayan biyar da rabi na yamma. A ɗora bayan hannu a kwalta, idan ba a jure daƙiƙa 7 ba, tafin kare ma ba zai jure ba. Minti 30 sau biyu a rana ya wadatar da yawancinsu, masu gajeren hanci kuma ƙasa da haka. Mai kare ya tsaya tsakaninsa da titi saboda 'yan acaba da motocin haya na danfo, ya riƙe gorar ruwa, domin kare na shan kusan mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo a rana, fiye da haka a zafi. Ruwan kwata ne abin tsoro, musamman bayan ambaliya, don fitsarin ɓera na ɗauke da cutar da ke lalata ƙoda da hanta, tana kuma kama mutum. A bakin teku, in masu wurin sun yarda da shigar kare, kada a bar shi ya sha ruwan gishiri, amai da zawo yake sawa, kuma a ɗauraye shi da ruwan daɗi kafin a dawo. Karen da zafi ya sa ya fara tangaɗi, harshe ya yi jawur, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki da cinyoyi, a yi masa fifita, sannan asibiti.

A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, yawancin maƙwabta sun san kare ne a matsayin mai gadi ko na farauta. Kwanonsa da shimfiɗarsa su yi nesa da wurin alwala da butoci, kashinsa a kwashe a leda nan take. Takardar rigakafi ta zauna kusa: allurar cutar zawon jini ta kwikwiyo daga mako 6 zuwa 8 ana maimaitawa, ta haukan kare a wata 3, sannan duk shekara. Idan kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, da takardar a hannu.