Daga Nima zuwa Asawase, na je ganin zaman malamai

Motarmu ta tashi daga tashar Circle bayan sallar asuba. Tsakanin Accra da Kumasi kimanin kilomita 250 ne, amma ba a auna hanyar nan da kilomita, da cunkoso ake auna ta. Mun tsaya Nsawam mutane suka sayi burodi ta taga, muka wuce Suhum, duwatsun Kwahu suka bayyana a Nkawkaw, sai Konongo da Ejisu. La'asar ta same ni a unguwar Asawase ta Kumasi, a gidan wata yayata da ta daɗe tana koyarwa a ɗaya daga cikin makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta Ghana, GES. Ita ta gayyace ni, don ni ma malamin firamare ne a unguwar Nima ta Accra, kuma mun sha yin gardama ta waya a kan sabuwar manhaja.

Manhajar nan hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NaCCA, ce ta tsara ta, aka fara aiki da ita a Satumban 2019 daga ajin renon yara zuwa aji shida. Ta dawo da tarihin Ghana cikin darussan firamare, ta kuma ce a daina auna malami da yawan babin da ya gama, a duba abin da yaro ya iya yi da kansa. Horon da aka ba mu a lokacin gajere ne: an horar da wasu a sama, su suka horar da na gunduma, na gunduma suka horar da mu. Kafin saƙo ya iso ajin da ke bakin kwata, ya riga ya rame. Shi ya sa aka tanadi zama na mako-mako, inda malaman makaranta ɗaya za su zauna su koya wa juna. Wannan zaman na je gani.

Ranar Laraba, da aka tashi yara, aka jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Hedimasta ya buɗe da addu'a, ya gabatar da ni, sannan ya koma gefe ya yi shiru, abin da ya burge ni ƙwarai. Wata matashiyar malamar aji biyu ce ta jagoranta. Ta zo da murafan kwalba a cikin roba, ta nuna yadda take koyar da tarawa da ɗebewa, ta sa mu manya muka zama ɗalibanta. Da ta gama sai wani dattijo mai koyar da Larabci ya ɗaga hannu.

"'Yata, da wane harshe kika yi musu wannan bayanin?"

"Baba, da Turanci na fara. Da na ga idanu sun yi fari sai na koma Hausa."

Nan zaman ya kama da gaske. Manufar gwamnati ita ce a koyar da ƙananan yara da harshen gida, kuma akwai harsunan da aka amince da su a makarantu, irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani. Babu Hausa a ciki. Yaron Asawase ko Aboabo yana tashi da Hausa a gida da masallaci, ya ji Twi a kasuwar Kejetia, ya tarar da littafi da Turanci, da yamma kuma ya zauna gaban allo da Larabci. Malamin da ke gabansa shi ke haɗa waɗannan duka a cikin minti talatin, ba tare da littafin jagora ko horo a kan hakan ba. Mu ma a Nima haka abin yake, sai dai Ga ne a madadin Twi.

Abin da suka yi a makarantar yayata shi ne suka buɗe babban littafi, kowane malami yana rubuta yadda ya bayyana darasi mai wuya da Hausa har yara suka gane, sabon malamin da ba ya jin Hausa ya karanta ya gwada. Wata malama Ba'asantiya ta karanta mana nata da bakinta, aka gyara mata wuri ɗaya, ta rubuta gyaran nan take. Sun kuma sa malaman Larabci cikin zaman, ba a bar su a gefe ba, musamman da yake Larabci ya shiga jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, BECE.

A nan nake da magana da ofisoshin ilimi na gundumomi. A 2018 hukumar kula da aikin malanta, NTC, ta fara yi wa sababbin malamai jarrabawar lasisi, kuma ana tara maki na ƙarin horo don sabunta lasisin. Wannan daidai ne. Amma idan gunduma za ta tsara horon shekara, ya kamata jami'in da ke zagaya makarantu ya zauna a irin wannan rumfar ya saurara tukuna. Gundumar da yawancin yaran wasu makarantunta 'yan Zango ne tana bukatar horo a kan koyar da yaro mai harsuna da yawa fiye da wani taron otal da za a raba takardar shaida a watse.

Da daddare muna cin tuwo na ce, "Yaya, ki ba ni aron littafin nan in kai Nima."

Ta ce, "A'a ƙanena, gobe ma ana bukatarsa. Ɗauki hotonsa da waya, ku je ku buɗe naku."

Na ɗauki shafukan lissafi da na kimiyya. Da safe na hau pragya, keke mai ƙafa uku, zuwa tasha, tun a mota na tura wa hedimastanmu hotunan, na roƙe shi ya ba ni rabin awa a zamanmu na mako mai zuwa, ya kuma kira malaman Larabcinmu su zo.