Yarinyar da aka kawo daga Mashi

Jibi zan miƙa makullin ofis bayan shekara 4 a sashen mata na asibiti. Abokan aiki na ta tambayar abin da na koya, ni kuwa yarinya ɗaya ke faɗo mini a rai, 'yar shekara 2 daga wajen Mashi.

Kakarta ce ta goyo ta. Jini a wando, ga ɗan nama ya leƙo ta gabanta. "Likita, angurya ce, wanzami ya cire ta dawo," in ji tsohuwar. Na ce, "Iya, ba angurya ba ce," ina wani ji da kaina. Na rubuta zazzagowar bututun fitsari, wadda akan gani ga yara mata kafin balaga: man shafawa, zama cikin ruwan ɗumi, a dawo bayan mako 2. Ƙofar fitsarin ce ban nema ba. Zazzagowa zobe take yi, ƙofar na tsakiyarsa. Wannan naman daga cikin farji ya fito.

Aikin damina ya riƙe su, sai bayan wata 3 suka dawo, naman ya zama kamar nonon inabi. Aka yanki kaɗan aka kai gwaji: rabdomayosakoma, kansar tsoka, wadda a wannan wurin ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ya fi ci mini rai, wannan kansar tana jin magani. A da, cire mahaifa ake yi gaba ɗaya; yanzu kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, ake farawa da shi, su binkiristin da aktinomaisin da saikulofosfamaid, a bar wa yarinya gaɓoɓinta. Wata 3 ba wasa ba ne a wannan ciwo.

Oga kuwa, babban likitanmu, wanda na nuna wa katin ranar farko ya ce "sallame su" bai ko ɗago kai ba, shi ya miƙe a taron safe yana tambayar inda na yi karatu. Na yi shiru. Ku da za ku zauna, duk wanda kuka nuna wa kati, ku rubuta sunansa da lokaci. Ba da kowa nake ba.

Jini ga yarinyar da ba ta balaga ba, a duba har ciki, ko da sai an sa ta barci. Kada ku yi wa kaka tsawa kan wanzami, ba za ta dawo ba.

Zariya muka tura su. Lambar da kawunta ya bari, sau biyu na kira, a kashe.