Wasalin da bakina ke ƙarawa a Almaty

Ranar da malamarmu ta harshen Kazakh a Almaty, babban birni a ƙasar Kazakhstan, ta ce kalmominsu na asali ba sa farawa da baƙaƙe biyu a jere, wallahi sai na ji kamar na dawo gida, ai mu ma haka muke. Stol na Rashanci ya zama üstel a bakinsu, wato tebur, krovat ya zama kereuet, gado kenan, kamar dai yadda muka samu biredi da fulawa. Har na Larabci ma, ilm da muka mayar ilimi su ğylym suke cewa, waqt kuma, wato lokaci, uaqyt. Na ce shi kenan wannan yaren ai namu ne.

Ashe tarkon yana ƙarshen kalma.

Gaɓar Hausa ba ta rufewa da baƙi fiye da ɗaya, su kuwa suna iya rufe ta da biyu, yawanci l ko r ko n sai t ya biyo baya: tört huɗu, bult gajimare, qant sukari, kilt makulli. Ni kuma bakina ya ƙi, ko ban yi niyya ba sai na ji wasali ya maƙale a baya, kilti, qanty, kuma matsalar ba wai ta lafazi ce kawai ba, don wannan ɗan wasalin a wajensu nahawu ne, shi ke nuna mallaka. Kilti na nufin makullinsa. Na je wajen matar da ke kula da hostel ɗinmu neman makullin ɗakina na ce kilti, ta kalle ni ta ce kimniñ, wai na waye? Na maimaita da ƙarfi, ta sake tambaya, har sai da wani ɗalibi ya cece ni.

Abin da ya fi ɗaure min kai daga baya, su ma suna cusa wasali amma nasu yana tashi idan aka liƙa wasalin mallakar nan a ƙarshe, halyq jama'a ya koma halqy jama'arsa, oryn wuri ya koma orny wurinsa. Ni nawa ne kawai ba ya tashi.

Na yi kusan wata guda ina tsayar da harshe a bayan haƙora bayan t ɗin, kamar mai taka birki. Kilt ya zauna yanzu, tört ma haka. Qant ne dai har yau in ana shan shayi ina sauri, sai a yi murmushi a miƙo min.