Wasiƙa daga New York: Tsohuwar da ta kai maganar shimfiɗa gidan rediyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Labarin Dakta Ruth Westheimer, mai ba da shawara kan matsalolin jima'i a rediyo, zan ba ku, wadda ta mutu a nan New York ranar 12 ga Yulin 2024 tana da shekara 96.

Bayahudiya ce haihuwar Jamus a 1928. Tana 'yar shekara 10 aka tura ta Suwizalan don tserar da ita daga 'yan Nazi, ba ta sake ganin iyayenta ba. Ta zauna a Falasɗinu har ta shiga dakarun Haganah na Yahudawa masu fafutukar kafa Isra'ila, abin da na san zai sosa ran da yawanmu, ni ma ya sosa nawa. A 1956 ta iso Amurka, ta yi digirin dakta a Jami'ar Columbia a 1970, sannan ta ƙware kan matsalolin jima'i a hannun Dakta Helen Singer Kaplan.

A 1980 tashar rediyon WYNY ta New York ta ba ta minti 15 kacal, tsakar daren Lahadi, lokacin da ake zaton kowa ya yi barci. Ashe mutane na farke da damuwarsu. Da shirin ya fara karɓar kiran waya daga baya, magidanci ya bugo waya kan saurin inzali, matar aure ta ce ta shekara da shekaru ba ta san gamsuwa ba. 'Yar guntuwar dattijuwar nan sai ta amsa kai tsaye, ta kira kowace gaɓa da sunanta na likitanci, ba batsa, ba wulaƙanci. Abin da ya fi ƙarfin waya kuwa ta ce a je a ga likita. Da cutar ƙanjamau ta ɓarke ana ƙyamar masu ita, ba ta juya musu baya ba. Ta rubuta littattafai sama da 40.

Ta sha suka ma. Malaman coci sun ce ta raba jima'i da tarbiyya. Wasu masana sun ce matsalar aure ba ta warwaruwa a hirar 'yan mintoci. An taɓa janye wani littafinta na matasa daga kasuwa saboda kuskuren kalma ɗaya da ya nuna kwanakin ɗaukar ciki a matsayin kwanakin da ba a ɗauka. A 2015 kuma mata da yawa sun yi mata ca kan kalamanta game da yardar mace a wajen saduwa, kuma a nan ina bayansu.

Sassaucinta kan saduwa ba aure bai dace da addininmu ba, ban kuwa karɓe shi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mu Musulmi, waɗanda a addininmu Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar a kan kunya ba ta hana su neman sanin addini, mu ne muka bar wannan fage ga mai tallan maganin ƙarfin maza da lasifika a bakin kasuwa, da masu kayan mata a Instagram. Amarya ta sha haɗin da ba ta san me ke ciki ba, aure ya mutu a ce wai ba a jitu ba.

Likitocinmu mata da maza, da malamai, da gidajen rediyon Kano, Damagaram da Kumasi, don Allah ku zauna tare ku buɗe wa ma'aurata layin waya, a ɓoye sunan mai tambaya, a amsa masa da Hausa.

Taku,
'Yar'uwarku a New York