Ramin da na cike da hannuna

Injin nan mai dogon hannu da ke ɗaga kaya masu nauyi a wuraren gini, a rediyo ƙugiya ake ce masa. Mu a wurin aiki kiren muke cewa, ƙugiya kuwa ita ce lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake rataya kaya a jikinsa. Da leburanci na fara a wani gini a gefen Abuja, daga baya aka mayar da ni cikin masu ɗaure kaya. Ranar da mai ba direba alama ya tafi garinsu biki, sai fomman ya miƙo min oba-oba ya ce, "Kai ai kana da wayo, riƙe wannan." Iyakar horon da na samu ke nan kafin a damƙa min rayukan mutane.

Ban fi wata biyu da karɓar oba-oba ba aka kawo janareto za a ɗora shi a kan dandamalin kankare a bayan ginin. An yi hayar kiren mai taya, wadda aka rubuta tan 50 a jikinta. Janareton bai kai tan 10 ba. Kowa ya ɗauka aikin minti goma ne a tashi.

Direban dattijo ne, kowa Baba yake kiransa. Da ya gyara tsayuwa bai yi gaggawar fitar da ƙafafun kiren ba. Ya sauko ya zagaya, yana dukan ƙasa da dunduniya kamar mai neman inda aka binne wani abu. Da ya zo inda ƙafar baya ta dama za ta sauka, ya tsaya ya ce, "Me ke ƙarƙashin nan?" Fomman ya ce, "Ƙasa mana, Baba, me kuwa?" Aka yi dariya.

Ni na san abin da ke wurin. Mako biyu kafin nan an haƙa rami an shimfiɗa bututun ruwa, kuma ina cikin waɗanda suka mayar da ƙasar da shebur. Ba a daddale ta ba, tattakawa kawai muka yi da ƙafa muka tafi cin abinci. Maganar ta zo min har bakin leɓe. Sai na dubi fomman, wanda shi ya ba ni wannan matsayi, na ga idan na yi magana na ƙaryata shi a gaban jama'a. Na haɗiye.

Baba ya nemi a kawo manyan katakai a shimfiɗa. Aka samo falanki biyu wurin kafintoci. Ya dube su, ya girgiza kai, ya hau. Kaya ya tashi lafiya. Da ya fara juyawa, nauyi ya koma kan wannan ƙafa, sai na ji falankin ya yi ƙara, ƙafar ta lume kamar taƙi guda. Kiren ta ɗan sunkuya, janareto ya yi lilo ya bangaji katangar bulo, ta zube a daidai inuwar da leburori suka tashi daga cin shinkafa da wake ba da jimawa ba. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Aka yi ta hamdala, aka ce Allah ya kiyaye, kuma lallai Shi ya kiyaye. Kashegari aka sake ɗora katangar. Babu wanda ya tambayi dalilin nutsewar ƙafar, ni ma ban faɗa ba sai bayan kwana uku, da na sami Baba shi kaɗai yana shan shayi.

Na zaci zai zage ni. Sai ya ce, "Yaro, da ni da kai laifinmu ɗaya. Na ga falankin nan na san ba zai ɗauka ba, na hau." Daga ranar ya riƙa jana a jiki, kuma yawancin abin da na sani a kan wannan sana'a a gindin tayar kiren ɗinsa na koya.

Shi ya fara nuna min takardar nauyi da ke manne a ɗakin direba. Wannan tan 50 da ke jikin mota, in ji shi, gaskiya ce amma a wuri ɗaya kacal: idan hannun kiren yana gajere kuma kaya na kusa, kamar mita uku daga tsakiyarta. Da zarar an miƙa hannu, ƙarfin sai ya yi ta zubewa, har a kai inda tan uku ko huɗu ma sun yi mata yawa. Ya sa na ɗauki bokiti cike da ruwa na rungume a ƙirji, sannan ya ce in miƙe hannu da shi. Ban yi daƙiƙa goma ba na sauke. Tun daga nan tambayar "kiren ɗin nan tan nawa take ɗauka?" ta daina yi min ma'ana sai an haɗa da "daga ina zuwa ina?"

Sai batun sanin nauyin kaya. A wuraren aikinmu ido ake amfani da shi, kuma ido maƙaryaci ne. Kankare mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya kauri ya kai tan 2.4. Ƙarfe mai wannan girma ya kusa tan 8. Ƙugiyar kanta da sarƙa da bel duk suna cikin lissafi. Akwai kuma wani abu da ya daɗe bai shige ni ba: idan an rataya kaya da bel biyu, ba lallai ba ne kowanne ya ɗauki rabi. Gwargwadon yadda suka buɗe, gwargwadon ƙaruwar jan da ke kansu. In suka kwanta har kwanar da ke tsakaninsu da kayan ta zama digiri 30, kowane bel yana jin nauyin kayan ne gaba ɗaya. Mai ɗaure kaya da ya ɗauko gajeren bel don ya fi kusa da hannunsa ya ninka nauyi bai sani ba.

Waɗannan duk ana iya koya wa mutum a mako guda. Abin da ya fi wuya na gan shi ne a farkon damina.

Duk wanda ya zauna a arewa ya san hadarin farko. Gabas ta yi baƙi, garin ya yi tsit, kafin ka tattara kaya guguwa ta iso da ƙura. Wata rana da la'asar muna da faffaɗan allon zuba kankare da za a kai hawa na huɗu. Ba shi da nauyi, amma faɗinsa ya sa iska na kama shi kamar faifai. Baba ya leƙa gabas, ya janye hannun kiren, ya kashe inji. Injiniya ya zo a fusace, don motocin kankare suna tafe da sassafe kuma kuɗin hayar kiren na kwana ne, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ba zan ɗaga ba." Iyakar maganarsa ke nan, ya maimaita ta sau uku. Abin haushi, hadarin ya zagaye ya wuce, ko ɗigo bai sauka ba. Mako na gaba da aka sake hayar kiren, an roƙi masu ita su turo wani direban.

Wannan ya tsaya min a rai fiye da zubewar katanga. Ranar da Baba ya hau kan falanki babu wanda ya ce masa kanzil. Ranar da ya yi daidai aka raba shi da aiki. Duk matashin da ke wurin ya ga abin da ya faru, kuma ya karanta darasin yadda yake.

Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani a kan iska da kiren ba. Ranar Juma'a 11 ga Satumba 2015, ana dab da fara aikin Hajji, wata ƙatuwar kiren ƙirar Liebherr ta rikito a Masallacin Harami na Makka lokacin da aka yi iska da ruwa mai ƙarfi. Mutum 111 suka rasu, da 'yan Najeriya a cikinsu, kusan 400 suka jikkata. Abin da ya kamata ɗan sana'a ya lura da shi, kiren ɗin ba ta ɗauke da kaya a lokacin. A tsaye take. An bar dogon hannunta a sama, alhali ƙa'idar masu ƙera ta ita ce a sauke shi idan ba a aiki kuma ana fargabar iska. Sarki Salman ya dakatar da kamfanin Binladin, mai aikin faɗaɗa masallacin, daga karɓar sabbin kwangiloli, daga baya a 2023 kotu ta ci shi tarar riyal miliyan 20 saboda sakaci. Na yarda kwanan waɗanda suka rasu ne ya ƙare, Allah ya jiƙansu. Amma a ƙasa mai tsarki ma imani da ƙaddara bai hana a tambayi wa ya bar hannun a sama ba. A Amurka ma an yi irin haka a 1999, a filin wasa na Milwaukee, inda aka ɗaga wani ɓangaren rufi mai nauyin sama da tan 400 cikin iska, kiren ta karye, ma'aikata uku suka mutu.

Doguwar kiren ta tsaye da ake gani a manyan gine-gine ita kuma akasin abin da hankali ke bayarwa ake yi mata. Idan an tashi aiki sakin birkin juyawa ake yi, don ta bi iska ta juya mata baya. Na taɓa jin wani mai gadi yana ƙorafi cewa direba ya manta bai kulle ba, ga ta tana juyi da dare ita kaɗai. Da ya kulle ɗin, da iska ta same ta a gefe.

Bayan wasu shekaru na samu shiga wani kwas, na fito da takarda, aka fara kirana jami'in kiyaye haɗari. A can na ji cewa Najeriya tana da ƙa'idojin kayan ɗaga nauyi da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar a 2018, ban da tsohuwar dokar masana'antu. Na ji na Ingila na 1998, inda dole ƙwararre ya bincike kiren duk wata 12, sarƙa da bel da duk abin da ke ɗaukar mutane kuma duk wata 6. Na ji dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta sa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Da na gaya wa leburorinmu wannan, wani ya tambaye ni ko da 'yan aikin yini. Ban ji daɗin amsar da na ba shi ba.

Ba na raina takarda, ita ce abin riƙewa in magana ta yi tsami. Sai dai na sha ganin kiren ta zo da takardar shaidar lafiya sabuwa fil, ka duba igiyar ƙarfen ka ga silalla sun tsittsinke sun yi gashi. Na kuma ga makullin nan na tsallake na'urar gargaɗi a maƙale a raminsa dindindin, an ɗaure shi da kyauron roba. Na'urar aikinta ta yi kuka ta tsayar da kiren idan kaya ya yi yawa. An yi makullin ne don wasu lokuta na musamman, kamar wajen harhaɗa kiren, amma direban da ake tsaye a kansa ana duba agogo shi ne abokinsa.

Wayar lantarki kuwa ba na ciniki a kanta. Layukan kilobolt 11 da 33 da suka ratsa unguwanninmu ba sai an taɓa su suke kisa ba, wuta na iya tsallakowa in ƙarfe ya matso. Ƙa'idar Amurka tazarar ƙafa 10 ce, wato mita 3, ga layin da bai wuce kilobolt 50 ba, ni kuwa nakan ƙara. Wanda yake ƙasa riƙe da kaya ko igiya shi ya fi shiga haɗari, ba direban da ke zaune a ɗakinsa ba. Maganar da ta fi ba ni tsoro a wurin aiki ita ce, "Ai an ɗauke wuta tun safe." Wa ya yi maka alkawarin lokacin da za a dawo da ita?

Abin da na iya canzawa da ɗan ikon da nake da shi ba shi da yawa. Kafin kowane babban ɗagi muna tsayawa minti goma, da Hausa da Turancin buroka, ba karatun takarda ba. Nauyin kaya nawa, nisa nawa, ta ina zai bi, wa zai ba da alama. Mutum ɗaya ne ke ba direba umarni, don na ga ranar da mutum huɗu suke ɗaga hannu kowa da nasa, har da mai sayar da ruwa. Amma tsayarwa ta kowa ce, ko yaron da ya fara aiki jiya, in ya ɗaga hannu biyu sama direba zai tsaya. Kuma tambayar Baba ni nake yin ta yanzu, sai dai ba fomman nake tambaya ba. Leburori nake ja gefe, inda babu oga, in ce, "Wa ya taɓa haƙa rami a nan?" Su suka san ƙasar. A gaban manya ba za su buɗe baki ba, kuma ba na ganin laifinsu, tarbiyyar da aka yi mana ke nan a gida.

Wuri ɗaya ne na taɓa shawo kan ɗan kwangila ya sa a yarjejeniyar haya cewa idan an tsaya saboda iska, a raba asarar tsakaninsa da masu kiren, kuma ba za a canza direba a kan haka ba. A wurin nan ban taɓa ganin an yi gardama da hadari ba. Sauran wuraren da na kawo maganar, murmushi ake yi min a ce za a duba.

Kwanan baya muna ɗaga damin rodi, wani yaro sabon zuwa ya ɗaga hannu biyu yana ihu. Direba ya tsaya cak. Aka sauke, aka duba, ashe tsumma ne ya maƙale a jikin bel yana reto, shi kuma ya zaci bel ɗin ne ya fara yagewa. Abokansa suka fashe da dariya, yaron ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Na je na kama hannunsa a gaban kowa na ce, "Madalla, ƙanena, gobe ma in ka gani ka tsayar." Na saya masa lemo. Mun yi asarar minti ashirin. Da yamma na ga injiniya ya rubuta su a littafinsa, a shafin jinkiri, da sunana a gefe.