Maɓalli ɗaya ma sai da takardarsa

Littattafan ƙyalle nake ɗinkawa a nan Amurka, na yaran da ba su isa makaranta ba. Akwai shafin raƙumi, shafin ƙwarya da ludayi, da wanda yaro zai koyi ɓalle maɓalli da jan zif, kowane hoto da sunansa da Hausa a ƙasa. Sau biyu nake bin kowane gefe da ɗinki, don na san ƙarshenta a baki littafin zai kwana. Gwaggona ce ta koya mini a Zariya, a kan tsohon kekenta na ƙafa. In ta ja ɗinki ta ga ya buɗe ba ta faɗa, farke shi take gaba ɗaya ta miƙo mini.

Masu saye kan ce, "Haba Hajiya, ƙyalle ne fa, a rage mana." Ƙyalle ne, amma doka na kansa. A 2007 aka janye miliyoyin kayan wasan da aka ƙera a China saboda dalma a fentinsu, sai majalisa ta yi dokar kare lafiyar masu sayen kaya da ake kira CPSIA, Shugaba Bush ya sa hannu a Agustan 2008. Duk abin da aka yi don ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ya shiga ciki. Yau dalma ba za ta wuce kashi 100 cikin miliyan a jikin kaya ba, a fenti kuwa 90, kuma gwaji sai a ɗakin da CPSC, hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan da ake sayarwa, ta amince da shi. Babban kamfani zai gwada samfuri guda ya ƙera dubbai. Mai keke ɗaya fa?

Masu buga littattafai ma sun ji jiki. Tsoron dalma a tawadar da aka yi amfani da ita kafin 1985 ya sa shagunan gwanjo suka riƙa kwashe tsofaffin littattafan yara daga kanta. Sai a 2011 aka yi gyara: aka ɗauke wa littafin takarda zalla wannan gwaji in ba na ɗan shekara uku zuwa ƙasa ba ne, mu ƙanana da ba mu wuce guda 7,500 na kaya iri ɗaya a shekara ba aka ba mu damar rajista don samun sassauci. Nawa dai bai tsira duka ba. Auduga ba ta da matsala, amma fenti da duk ƙaramin abin da yaro zai iya haɗiyewa dole a kai gwaji.

Dillalan maɓalli su ne ciwon kaina. Ka nemi takardar gwaji, a ce gobe. Kaya su iso, launi daban, takarda babu. Irin waɗannan mayar musu nake, ko da oda na jira. Ga kuma masu kwaikwayon raƙumina suna sayarwa a intanet da araha, an manna idon da gam, farce kawai zai ciro shi. Idon nawa da zare nake saƙa shi, kuma a bangon baya akwai lamba mai sunan shagona da watan da na ɗinka.