Idan kan noti ya cinye, kada ka fara da guduma

Ƙannena masu koyon gyaran babur, yawancin notin da ya taɓa cinyewa a hannuna ba tsatsa ce ta ci shi ba, gaggawata ce. Sifana ta zame, maimakon in dakata sai in ƙara ƙarfi, ta sake zamewa, kafin ka ce kwabo kusurwa shidan nan sun shafe. Da zarar ta zame sau ɗaya, ajiye ta ka duba dalili.

Dalilin ba ya wuce uku. Ko dai sifana mai buɗaɗɗen baki ka ɗauka, wadda gefe biyu kawai take riƙewa, ko ka sa lamba 13 a kan noti 12 don ita ce kusa da hannunka, ko kuma ƙasa ta cika kan notin. Baburan da ke bin hanyoyin ƙauyukan Kaita, Batsari da Mashi suna zuwa da ƙura haɗe da baƙin mai, ta daskare kamar siminti, soket ya shiga rabi kawai. Kankare da buroshin waya tukuna, sannan ka ɗauko soket mai gefe shida. Mai haƙori 12 a kan kusurwa yake cizo, kusurwar kuwa ita ce ta riga ta tafi.

Ka kuma tabbatar da inda kake juyawa. Notin zubar da baƙin mai yana ƙarƙashin inji yana kallon ƙasa, yaro da yawa sun tsuguna daga sama suna ta ɗaure shi, a zatonsu kwancewa suke yi. Madubin dama na Yamaha kuma tiredinsa, wato zaren da ake murzawa a kai, a juye yake, ta dama ake kwance shi.

Zuba kananzir ko WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, a gindin notin ka ba shi kamar minti 20. Na bakin salansa, da wuta ta gasa shekara da shekaru, gara ya kwana. Wasu man birki suke zubawa, yana yi, amma yana cin fenti. Sai ka ɗora guntun ƙarfe a tsakiyar kan notin ka buga sau uku ko huɗu don tsatsar ciki ta fashe, ka ɗan ɗaure kaɗan, sannan ka kwance.

In lamba 10 tana yawo a kai, nemi soket na inci. Mai 3/8 kusan milimita 9.5 ne, a buga shi da guduma har ya zauna daram. Haka 7/16 yake yi wa noti 12 da ya cinye sosai. In akwai sarari a gefe, goge ɓangare biyu masu fuskantar juna da magagari su yi shafal, ka kama da filaya mai kullewa, a matse ta har sai da hannu biyu take rufuwa. Sukurorin murfin inji masu kan kuros kuma, sukudireban bugawa ne maganinsu, wanda ke dannawa yana juyawa a bugu ɗaya. In ramin ya riga ya lashe, yanka tsaga da zarto ka sa mai faɗin baki. Cizal yana aiki, a kafa shi a gefen kan a karkace a riƙa bugawa zuwa hagu, amma in ya kuɓuce a jikin inji zai sauka.

Nan ne maganar take da nauyi. Notin ƙarfe ne, jikin injin alminiyam. Notin kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kesin inji kuwa in ka fasa shi, kai da mai babur da oganka duk kun shiga uku. Amma wannan bambancin yana da amfani: da zafi ɗaya, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe. Saboda haka kewayen ramin ake gasawa, ba notin ba. Rufe fetur, sauke tanki ka kai shi nesa, goge kananzir ɗin da ka zuba, ka kula da roba da waya da sil da ke kusa. In ka ɗiga ruwa ya yi cuu ya ƙafe, ya isa. Kada ka jira ya yi ja irin na maƙera, alminiyam ba ya nuna ja, yana kai wajen digiri 660 sai dai ka ga ya zube.

In kan ya guntule, kai wa mai walda tun kafin ka taɓa diril. A ɗora noti mai rami a kan guntun, a cika cikinsa da walda. Waldar ba ta kama alminiyam, zafinta kuma yana sassauta tsatsa. Cire batir da CDI, akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, tukuna, a maƙala wayar as ta injin walda dab da wurin don kada wuta ta bi ta cikin boris. A bari ya huce kafin a juya, in ba haka ba waldar ce za ta ɓalle.

Diril shi ne na ƙarshe. Daidaita saman guntun da magagari, ka buga alama a tsakiya cif, ka fara da baki mai milimita 3, a hankali, kana ɗiga mai. Noti M6, wato mai kan 8 ko 10, kada ka wuce milimita 5. M8 mai kan 12 iyakarsa 6.8. Wuce nan, tiredin kesin kake ci. Naɗa salatif a jikin bakin diril daidai tsawon notin don kada ka ɓula hanyar mai. Abin zaro karyayyen noti da ake sayarwa, ni ban cika yarda da ƙananansa ba: ƙarfensa ya fi bakin diril tauri, in ya karye a ciki ka ƙara wa kanka aikin kwana biyu.

Bayan ya fita, wanke ramin, ka sa sabon noti mai tsawo ɗaya da tsohon, kada ka mayar da cinyayyen. Fara shi da yatsa, zagaye uku ko huɗu, kafin sifana ta taɓa shi. M6 a cikin alminiyam bai buƙatar fiye da kamar Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ƙarfin da za ka samu in ka riƙe sifana kusa da kanta. Notin baƙin mai kuma a canza masa washa.